Inna da Takalmin Ɗage

Ranar da Allah ya karɓi ran Inna, mahaifiyar maigidana, ba wanda ya shigo mana gida. Lokacin annoba ne, dokar kulle ta hana taro, sai zaman makokin ya koma cikin waya. Maza kaɗan aka bari suka raka ta makwancinta a nan Kuala Lumpur. Ni ina gida a unguwar Wangsa Maju da 'yata da ƙaninta, waya tana ƙara tana tsayawa. Masu kawo abinci sai su ajiye kula a bakin ƙofa, su ƙwanƙwasa, su ja da baya har bakin matakala, mu gaisa daga nesa kowa da takunkumi a fuska.

Kowa da irin kukansa. Ƙanwar maigidana ta kira daga Kano, ba abin da take iya faɗa sai, "A ƙasar mutane, Anti, a ƙasar mutane." Kawunsu ya karɓi wayar ya ce ta yi shiru, duk ƙasar ta Allah ce. Matar wani ɗalibi da ke zaune a unguwar Cheras ta yi ta kuka, can ta ce, "Yanzu wa zai riƙa yi mini faɗa in na saka ɗinki a karkace?" Sai ta ji nauyin maganar, ta hau ba ni haƙuri. Na ce ta bari, da Inna za ta ji, dariya za ta yi. Mai gadin benenmu, wanda ba ma jin yaren juna, ya dafa ƙirjinsa ya sunkuyar da kai, da takunkumin atamfa a fuskarsa wanda Inna ta ɗinka masa.

Malamar rawar 'yata ma ta zo. Dattijuwa ce 'yar asalin Sin, yara suna ce mata Cikgu, wato malama da yaren Malay. Ta tsaya can nesa da farin fure a hannu, ta tambaya ko mu Musulmi muna karɓar fure a mutuwa, in ba ma karɓa ta koma da abinta. Na ce ta ajiye. Ta ajiye a kan kula, ta juya da sauri don kada in ga fuskarta.

Da la'asar wata babbar Hajiya ta kira, matar ɗaya daga manyan malamanmu a nan, mutuniyar kirki wadda duk muke ganin girmanta. Ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta ce, "To, mai ɗaure wa rawa gindi ta tafi. Sai ku rufe maganar nan haka, yarinya ta girma." Wayar a buɗe take, 'yata tana kusa tana ninke kayan sallar kakarta. Hausarta ba ta da ƙarfi, a nan aka haife ta, amma wannan ta ji shi sarai. Hannunta ya tsaya a kan darduma.

Abin da Hajiya take nufi shi ne, 'yata tana koyon rawar bale tun tana ƙarama, irin ta Turawa wadda ake yi a kan yatsun ƙafa. Mahaifinta ya riga ya faɗa cewa ranar da ta isa saka takalmin da ake tsayawa a kan yatsu da shi, ranar ta gama. Inna ce kaɗai ta tsaya tsakaninsu. Yanzu ga Inna ta tafi, ga lokacin takalmin ya matso.

Ni ba marubuciya ba ce. Na zauna rubuta wannan ne don yaran nan suna girma nesa da gida, kada wata rana kakarsu ta zama hoto kawai a waya. Ba zan kama sunanta ba, suruka ba ta yin haka, kuma sunan yana kan 'yata, shi ya sa muke ce mata Ummi.

Inna ta zo ne don yi mini wankan jegon ƙanin Ummi, da niyyar 'yan watanni. Kafin ta shirya komawa aka rufe kan iyaka. Ba ta yi ƙorafi ba. Ta ce tunda an tsare ta, a nemo mata keken ɗinki. Tela ce tun ƙuruciya, 'yar marini kuma, idonta yana kan yadi da kala duk inda ta shiga. Kalmarta ɗaya ce in an nuna mata sabon abu: "Kawo in taɓa." Labule, kujerar mota, ɗankwalin baƙuwa, ganyen ayabar da aka ƙunso shinkafa a ciki, sai ta murza shi tsakanin yatsu kafin ta ce wani abu a kansa.

Maigidana ɗanta ne na fari, don haka akwai kunya tsakaninsu irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Yana zaune a falo, tana zaune a falo, sai ta ce da ni, "Uwar takwara, ki gaya wa mutumin nan abincinsa yana hucewa." Ummi ta ɗauka faɗa suke yi. Ta taɓa tambayata da Turanci me Abbanta ya yi wa kaka. Na ce ba komai, so ne ya yi yawa. Ta dube ni kamar na haukace.

Da Ummi kuwa babu wannan kunyar. Takwara take ce mata, su yi ta tsokanar juna. "Takwara, ke da ba ki iya tuƙa tuwo ba, wa zai kwashe ki?" Ummi ta ce, "Inna, ke ma ba ki iya kunna talabijin ba lah." Haka mutanen nan suke liƙa lah a ƙarshen magana. Inna ta ce, "Ji bakinta da lah, kamar akuya ta ga dusa."

Farkon ganinta da kayan rawar, Ummi ce ta dawo da siket ɗin wasan ƙarshen shekara. Irin wanda yake tsayawa a shimfiɗe a ƙugu ne, ba ya sauka ƙasa. Sunan da Turawa suka ba shi, tutu, bai taɓa fita daga bakin Inna ba, ita faifai take ce masa. Ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta ce, "To ina sauran? An ba ki murfi an riƙe kwanon." Aka ce ai shi ke nan. Ta ce, "Kawo in taɓa." Ta zauna da shi a cinya tana buɗe shi falle-falle. Yadin raga ne mai kamar gidan sauro, an jera shi hawa-hawa, kowane ya fi na ƙarƙashinsa faɗi kaɗan, an tattare kowanne da hannu, an kama su da zare sako-sako don su tashi tare su sauka tare. Ta bi ɗinkin da yatsa har ƙarshe. Can ta ce, "Wadda ta yi wannan ta iya ɗinki. Kunya ce dai ba ta da ita."

Asabar ɗin da ta biyo baya ta yafa mayafi ta ce za ta je ta ga inda ake saka faifan. Makarantar ɗaki ɗaya ce a saman wani shago, madubi a bango, da sandar katako da yara ke dafawa. Inna ta zauna a kujerar roba ta kafa musu ido har aka tashi. A hanya ta ce, "Na ɗauka girgiza jiki ake yi. Ashe horo ne. Ko soja sai haka."

Daga nan abota ta ƙullu tsakaninta da Cikgu. Ba mai jin yaren wata. Ummi ce tafinta, in ta gaji su ci gaba da hannu da kai. Kalma ɗaya Inna ta koya ta Malay, boleh, ma'ana zai yiwu, kuma da ita ta yi ta harkokinta har ta koma ga Allah.

Cikgu ce ta nuna mata wasu zane-zane na masu rawar farko-farko, na can ƙasar Faransa kusan shekara ɗari biyu da suka wuce. Siket ɗinsu dogo ne, fari, mai laushi, yana sauka har ƙwauri. Cikgu ta ce a lokacin yawanci aljanu da fatalwa suke kwaikwayo a wasanninsu, shi ya sa suke son a ga kamar iska ce ta ɗauko su, ba sa taka ƙasa. Daga nan aka fara ɗagewa a kan yatsu. Daga baya, da ƙafafun suka ƙware, masu kallo suka so su ga aikin ƙafa sosai, sai aka yi ta rage siket ɗin har ya zama faifai. Ta ce a zamanin fitilun gas kuma akwai 'yan matan da wuta ta kama ragar jikinsu a kan dandamali. Inna ta yi salati, ta ce Allah sarki 'ya'yan mutane. Amma abin da ta riƙe daban ne. Ta buga cinya ta ce, "Takwara, tambaye ta, ashe dogon shi ne na asali?" Cikgu ta ce shi ne, kuma har yau ana sawa. Inna ta ce, "To mu na asalin za mu yi. Boleh?" Cikgu ta yi dariya ta ce boleh. Dama akwai 'yan matan Malay a ajin da suke rufe hannu da kai.

Haka muka je layin 'yan yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman. Ban taɓa ganin Inna cikin farin ciki a ƙasar nan kamar ranar ba. Ta ce Kantin Kwari ne aka share aka sa masa na'urar sanyi. Shago bayan shago, tana cusa hannu cikin bandir, tana ɗaga raga ga haske, tana hura mata iska da baki ta ga yadda za ta tashi. Mai shagon ya kawo wata, ta girgiza kai, ta yi masa alama da hannu cewa wannan za ta tsaya kamar tabarma. Ya kawo wata, ta hura, yadin ya yi sama ya sauko a hankali. Ta ce, "Yawwa. Wannan tana da numfashi."

Rigar da ta ɗinka ta kai har ƙasan ƙwauri, da dogon hannu, da ɗan kallabi na yadin jikinta. Ba ta yi daidai a karon farko ba. Ta cika tattara a ƙugu irin ta ɗinkin amare, Ummi ta fito kamar tulu. Inna ta kalle ta, ta fashe da dariya har da hawaye, ta ɗauko reza ta farke. A na biyu, da Ummi ta juya a tsakar falo, siket ɗin ya biyo ta a baya kamar hayaƙi. Inna ta ce da ni a hankali, "Kin ga abin da ya sa suke mutuwar son abin nan? Mutum ya tsaya, rigarsa ba ta tsaya ba tukuna."

Takalmin kuwa ya fi komai ɗaukar hankalinta. Ita ta raɗa masa takalmin ɗage, mu ma muka bi. Manyan 'yan matan ajin ne kawai suke sawa, don sai ƙashin ƙafa ya yi ƙwari malama take ba da izini. Inna ta rantse akwai katako a bakinsa, ko ƙarfe. Cikgu ta ba ta wani tsoho, ta ce ta je ta yi abin da take so da shi, ya riga ya mutu. Haka suke cewa in ya yi laushi ya daina ɗaukar mutum, kuma ba ya daɗewa yake mutuwa. Inna ta kawo shi gida, ta ƙwanƙwasa shi a tebur, ta shinshina, sannan ta tsaga shi da reza. Ba katako, ba ƙarfe. Tsumma ne irin na buhun algarara da takarda, an jera an shafe da gam har ya ƙame, an lulluɓe da siliki. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Tsumma da gam. To ai ba takalmin ke ɗauke da su ba. Ƙafar ce."

Da suka sake haɗuwa ta nuna ƙafar Cikgu ta ce kawo in taɓa. Na ji kunya ƙwarai. Cikgu ba ta damu ba, ta cire safa. Yatsun duk sun lanƙwashe, faratan sun yi kauri, ga kanta ko'ina. Inna ta riƙe ƙafar da hannu biyu kamar ta jariri. Cikgu ta ce na farko-farko ma ba su da wannan bakin mai tauri, silifa ce mai laushi, sai su yi ta cusa zare a bakinta don ta ɗan taimaka, daga baya ne masu takalma na ƙasar Italiya suka ƙaro taurin. Inna ta ce a tambaye ta, da zafin nan duka, me ya hana ta bari? Cikgu ta yi tunani, ta ce in ka hau daidai, akwai wani ɗan lokaci da nauyinka yake ɓacewa. Inna ta gyaɗa kai kamar ta san wurin. Mako na gaba ta kai mata man kaɗanya a gwangwani, daga ɗan abin da ta taho da shi daga gida.

Ba zan ce Inna ba ta kuskure ba. Silifar rawar Ummi ta yau da kullum, mai laushi, ruwan hoda ce fara-fara. Inna ta tambayi dalili, aka ce don ta saje da fatar ƙafa, ƙafar ta yi kamar ta ƙara tsawo. Ta ɗora silifar a kan ƙafar Ummi, ta ce, "Ta saje da fatar wa?" Ba ta yi shawara da kowa ba. Muna kasuwa ta kwaɓa lalle ta tsoma su. Muka dawo muka tarar da su a shanya, jajur kamar an soya su da manja. Ummi ta yi kuka har da shessheƙa, ta ce da Turanci kowa zai yi mata dariya, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Inna ta tsaya da hannu a haɓa. Ta ce, "Ni 'yar marini. Da Baba zai ga wannan, da ya ce ba shi ya haife ni ba." Ta je bakin ƙofar ta ce, "Takwara, na yi laifi. Fito ki rama, ki rina mini ɗankwali." Sai da ta yi ta gwaji a kan ƙyallaye kwana da kwanaki, da ganyen shayi mai kauri da ɗan garin kofi da gishiri, kafin ta taɓa sabuwar silifar da aka saya. Wannan karon ta fito ruwan ƙasa, kusa da fatar Ummi. Cikgu ta duba ta ce ta yi. Ba a daɗe ba iyayen wasu yara 'yan Indiya suka fara aiko da nasu.

Da kulle ya yi tsanani, ajin ya koma cikin kwamfuta. Falonmu ƙarami ne, sai a ture tebur, Ummi ta dafa bayan kujera. Kujerar ba ta da nauyi, tana zamewa, don haka Inna take zama a kanta ta danne. Nan za ta zauna da carbi a hannu, jikarta tana bayanta tana ɗaga ƙafa, Cikgu tana ƙirga musu daga allo. Wani lokaci sai in ji Inna ta ce, "Miƙe bayanki, takwara," alhali ba ta ma waiwaya ba. Maƙwabtanmu na hawan ƙasa suka yi ƙorafin dirin ƙafa. Inna ta soya funkaso ta ce a ajiye musu a ƙofa. Washegari muka tarar da nasu kayan zaƙin a tamu ƙofar, ba a sake maganar diri ba. Sauran lokacin kuwa Inna tana kan keke tana ɗinka takunkumi da ragowar atamfa, a raba wa masu shara da masu gadi.

Saɓanin ya zo ne lokacin da aka ɗan sassauta doka. Makarantar ta yi ƙaramin wasa, aka ɗauki hoton bidiyo, ni kuma da murnata na tura wa dangi. Maganganu suka dawo daga gida. Maigidana ba mai zafi ba ne, kuma damuwarsa ba ta banza ba ce. Yarinya ta fara zama budurwa, wata rana gida za mu koma, kuma shi za a tambaya. Muna cin abincin rana ya ce, "Na bari ne tana ƙarama don motsa jiki. Amma takalmin nan na masu mayar da abin sana'a ne. Ranar da malamarsu ta ce lokacinsa ya yi, ta gama."

Ummi ta ajiye cokali. Inna ta ci gaba da cin abincinta, sannan ta ce, "Uwar takwara, tambayi mutumin nan, ya taɓa zuwa ya gani?"

Ya ce, "Inna, ba sai na gani ba."

"Ki ce masa rigar ni na ɗinka, ko wuyan hannunta ba a gani."

"Inna, ba rigar ba ce kawai."

Sai Inna ta wanke hannu a kwano, ta goge, ta juyo ta dube shi a fuska. Tun da na shigo gidansu ban taɓa ganin haka ba. Ta ce, "Kai." Ya ɗago a firgice. Ta ce, "Ni na yi gaɗa a dandali har tafin ƙafata ya tsage. Ubana yana zaure yana jin muryata, abin da ya ce kawai in shigo gida a kan lokaci. Ban lalace ba. Na haife ka, na yi maka tarbiyyar da kake taƙama da ita yau. 'Yarka ce, ba zan ƙwace maka hukunci ba. Amma ka je ka gani da idonka. In ka gani ka hana, ni zan rarrashe ta da kaina."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

Ta tashi ta shige ɗaki, ba ta sake fitowa falo ba ranar. Da na kai mata shayi na same ta ta rufe fuska da mayafi. Ta ce, "Yau na zubar da girmana saboda takwara. Kada ki gaya wa kowa a Kano." Ga shi na faɗa, Allah ya sa ta yafe mini.

Bai samu zuwa ba. Cikin 'yan kwanaki aka sake rufe gari, rufewa mai tsanani. A cikinta ne hawan jinin Inna ya tashi. Ba annobar ba ce, amma saboda annobar ba a bar mu mun zauna da ita a asibiti ba. Jinyar ba ta yi tsawo ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta kira mu ta ce bakinta yana motsi da salati har ƙarshe, kuma duk abin da aka ce za a yi mata sai ta ce boleh.

Bayan sadakar arba'in da 'yan watanni aka buɗe makarantu. Ummi ta koma aji, ba wanda ya ce mata je ki, ba wanda ya ce kada ki je. Ba a daɗe ba Cikgu ta aiko da saƙo cewa ƙafar Ummi ta isa takalmi. Ummi ta karanta, ta miƙo mini wayar, ta tafi kicin ta hau wanke kwanukan da an riga an wanke. Ba ta roƙi kowa ba. Na gaya wa mahaifinta da safe muna shan shayi. Ya shanye shayinsa ya tashi.

Ranar Asabar ya ɗauki makullin mota ya ce mu tashi. Ba a barin iyaye su shiga aji a lokacin, sai ya tsaya a bakin ƙofar gilashi, hannu a baya, tun daga farko har aka tashi. A mota, sai da muka kusa gida ya ce, "Doguwar riga, kullum. In za a yi wasa a gaban jama'a, sai na san su waye jama'ar. Karatu ya yi ƙasa, an daina. Kin ji?" Ummi ta ce ta ji. Ya ce, "To ina ake sayar da abin?"

A shagon an daɗe ana gwaji kafin a samu takalmin da ya zauna mata. Da muka dawo gida ya buɗe ledar, ya juya takalman, ya ce, "Wanne ne na dama?" Ummi ta ce babu dama babu hagu, ƙafa ce take mayar da shi nata. Ya ce, "Kuma sun ba mu igiyar ɗaurin daban, ba su ɗinka ba. An cuce mu." Ta yi dariya, karo na farko da na ji dariyarta sosai tun rasuwar. Ta ce haka ake sayarwa, kowa shi yake ɗinka nasa daidai da ƙafarsa. Sai dariyar ta tsaya, don duk mun san da Inna tana nan ita za ta ɗinka. Ni hannuna a allura ba shi da kyau. Na ce bari in gwada.

Ya ce, "Kawo nan." Ya sa tabarau, ya lashi bakin zaren, ya zura shi a karo ɗaya. Ummi ta nuna masa inda za a kafa, ya lanƙwasa bakin igiyar ya fara bi da ƙananan ɗinki a jere, ba ya huda silikin waje. Na tsaya baki buɗe. Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Duk daren Sallah ni nake yi wa Inna kalmasa da maɓalli, tun ina firamare. Ba ta taɓa cewa ya yi kyau ba. Sai dai ta ce da ƙanwata, ki gaya wa mutumin nan ya ƙaro wani."

Ranar ajin farko Cikgu ta karɓi takalman tana duba na kowa. Da ta zo kan na Ummi ta buɗe ciki, ta shafa ɗinkin da yatsa, ta ɗago ta dubi ƙofar gilashin inda muke tsaye. Sannan ta jera yaran a jikin sanda, ta ƙirga, suka hau. Ummi ta tashi sama gaba ɗaya, ƙafafunta suna ɗan kaɗawa, sannan suka tsaya cak. Mahaifinta ya matsa har goshinsa ya taɓa gilashin. Ya ce, "Ikon Allah. Ji tsawonta." Ya ciro waya kamar zai ɗauki hoto, ya dube ta, ya mayar aljihu, ya ci gaba da kallo da idonsa.

Allah ka jiƙan Inna, ka yalwata mata makwancinta a ƙasar da ba tata ba, ka sauƙaƙa mata nauyi ranar da kowa zai tsaya da nasa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.